Irving Thalberg da Kafuwar Mulkin Furodusa a Siniman Amurka, 1918 zuwa 1936

Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga gidan sinima ya san cewa kafin a soma labari akan jera sunaye a jikin allo: na 'yan wasa, da na marubuci, da na mai ɗaukar hoto, da na darakta. A cikin jerin nan akwai suna guda wanda 'yan kallo ba su cika kula da shi ba, wato sunan furodusa. Wannan kalma ta riga ta zauna a bakin Hausawa, amma mutane da yawa sun ɗauka ma'anarta ba ta wuce attajirin da ya zuba kuɗinsa aka yi fim ba. A manyan kamfanonin sinima na Amurka, tsakanin 1920 da 1950, abin ya fi ƙarfin haka. Furodusa ma'aikaci ne da kamfani ya ɗauka, kuɗin ba nasa ba ne, amma shi ne mai zaɓen labari, shi ne mai zaɓen darakta da 'yan wasa, kuma shi ne mai maganar ƙarshe a kan abin da za a nuna wa jama'a da abin da za a yar.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi tarihin mutumin da ya fi kowa kafa wannan tsari, wato Irving Thalberg, wanda ya shugabanci aikin shirya finafinai a kamfanin Universal, sa'an nan a kamfanin Metro-Goldwyn-Mayer, wanda aka fi sani da MGM, mai alamar zaki. Tambayar da tarihinsa ya tayar tsohuwa ce: idan aiki na fasaha ya buƙaci hannun mutum ɗari da dukiya mai yawa, wane ne mai aikin, kuma wa ya kamata ya yanke hukunci?

Yadda Sana'ar Take Kafin Zuwansa

A farkon ƙarni na 20 finafinai gajeru ne, kuma ba su da magana. Akan auna tsawonsu da naɗi, kowane naɗi yana da tsawon ƙafa 1,000, kallonsa kuwa bai cika wuce minti 15 ba. Darakta yakan ɗebi 'yan wasansa da kyamara ya fita daji ko bakin teku, ya dawo da fim cikin 'yan kwanaki. Da finafinai suka ƙara tsawo, kuɗin da ake kashewa ya ƙaru, sai masu kamfanoni suka soma neman hanyar da za su san abin da ake yi da dukiyarsu. Wani mai suna Thomas Ince ne ya fara ɗaukar matakin farko a wajen 1913, inda ya tilasta a rubuta kowane fage na labari dalla-dalla, a ƙiyasta kuɗinsa, ya sa hannu, kafin a ɗauki hoto ko ɗaya.

Akwai kuma matsalar nisa. Ofisoshin kamfanoni da bankuna da manyan gidajen sinima suna New York, a gabas. Wuraren ɗaukar fim kuwa suna Kalifoniya, a yamma, tafiyar kwana huɗu ko biyar a jirgin ƙasa. Saboda haka mai kuɗi yana gabas yana lissafi, darakta yana yamma yana kashewa. Wannan giɓi ne Thalberg ya shigo ya cike.

Asalinsa da Shigarsa Aiki

An haifi Irving Thalberg a unguwar Brooklyn ta birnin New York ran 30 ga Mayu, 1899. Iyayensa Yahudawa ne 'yan asalin Jamus. An haife shi da ciwon zuciya, har likitoci suka shaida wa iyayensa cewa da wuya ya wuce shekara 30 a duniya. Yana saurayi kuma wani zazzaɓi mai taɓa gaɓoɓi da zuciya ya kwantar da shi na tsawon lokaci. A wannan kwanciya ce mahaifiyarsa Henrietta ta riƙa ɗauko masa littattafai daga laburare, ya karanci ƙagaggun labarai da wasannin kwaikwayo da falsafa. Bai yi digiri ba. Abin da ya koya don neman abinci shi ne buga tafireta da aikin sakatare.

A 1918 ya sami aikin akawu a ofishin Universal na New York a kan albashin dala 25 a mako. Ba a jima ba mai kamfanin, Carl Laemmle, ya lura da hazaƙarsa ya mai da shi sakatarensa. Laemmle ya tafi da shi Kalifoniya don duba masana'antar kamfanin, wadda a lokacin manajoji suka yi mata yawa, kowa yana jan zarensa. Da Laemmle zai koma gabas sai ya bar yaron a can, kuma kafin Thalberg ya cika shekara 21 ragamar masana'antar baki ɗaya ta koma hannunsa. A dokar ƙasar a lokacin, shekarunsa ba su ma kai ya sa hannu a cekin albashin ma'aikatan da yake shugabanta ba.

Karonsa da Erich von Stroheim

Babban daraktan Universal a wancan zamani shi ne Erich von Stroheim, haifaffen birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, mutum mai baiwa ƙwarai, mai taurin kai kuma daidai da baiwarsa. Ra'ayinsa shi ne duk abin da kyamara za ta gani dole ya zama na gaskiya, komai tsadarsa. Don fim ɗinsa mai suna Foolish Wives ya sa aka gina kwatankwacin dandalin birnin Monte Carlo a Kalifoniya, aka shafe kusan shekara ana ɗaukar hoto, kuɗi suka yi ta zuba har kamfanin ya mai da abin talla, yana cewa wannan ne fim na farko da ya ci dala miliyan ɗaya. Thalberg ya so ya tsawata, amma hannunsa a ɗaure yake, domin von Stroheim shi ne darakta, shi ne kuma babban ɗan wasan fim ɗin. In an kore shi, duk abin da aka ɗauka ya zama asara. Abin da Thalberg ya iya yi shi ne ya tsai da ɗaukar hoto daga ƙarshe, ya kuma sa aka rage tsawon fim ɗin sosai kafin fitarsa a 1922.

Darasin bai wuce shi ba. Da aka zo fim na gaba, Merry-Go-Round, sai ya kafa sharaɗin cewa von Stroheim zai ba da umarni kawai, ba zai fito a ciki ba. Bayan 'yan makonni da fara aiki, da ya ga tsohon hali ya dawo, sai ya sallame shi a watan Oktoba na 1922, ya ɗora wani darakta mai suna Rupert Julian ya ƙarasa. Wannan kora ta girgiza Hollywood, domin a da ba a saba ganin yaron ofis ɗan shekara 23 ya kori mashahurin darakta a tsakiyar aiki ba. Masana tarihin sinima da yawa suna ɗaukar wannan rana a matsayin ranar da iko ya tashi daga hannun darakta ya koma hannun furodusa. Hausawa sun ce ba a sarki biyu a gari ɗaya, kuma daga nan aka san wane ne sarkin.

Kafuwar MGM

A farkon 1923 Thalberg ya bar Universal ya koma ƙaramin kamfanin Louis B. Mayer. A watan Afrilu na 1924 Marcus Loew, mai jerin gidajen sinima a manyan biranen Amurka, ya haɗe kamfanoni uku, wato Metro da Goldwyn da na Mayer, suka zama MGM, mai masana'anta a Culver City kusa da Los Angeles. Dalilin Loew a fili yake: gidajensa suna buƙatar sabon fim kowane mako, saboda haka yana son masana'antar da za ta riƙa fitar da kimanin fim 50 a shekara ba fashi. Mayer ya zama shugaban masana'antar, mai kula da kuɗi da ma'aikata da hulɗa da New York. Thalberg, yana da shekara 24, ya zama mataimakinsa mai kula da shirya finafinai.

Ya gaji manyan matsaloli biyu daga kamfanin Goldwyn. Ta farko ita ce von Stroheim, wanda bayan korarsa ya koma Goldwyn ya shirya fim mai suna Greed, ya kawo shi da tsawon naɗi 42, kallon kusan awa tara. Ƙaddara ta sake haɗa shi da mutumin da ya kore shi. Aka yi ta ragewa har ya koma naɗi 10, aka fitar da shi a watan Disamba na 1924, sauran kuwa aka lalata. Har yau masana suna lissafa wannan cikin manyan asarorin da fasahar sinima ta yi, ko da yake babu gidan siniman da zai iya zaunar da 'yan kallo awa tara.

Matsala ta biyu ita ce Ben-Hur, wanda ake ɗauka a Italiya, kuɗi na ta tafiya, hotunan da ake aikowa kuwa ba su da kyau. Aka canza darakta, aka ɗora Fred Niblo. Aka canza babban ɗan wasa, aka sa Ramon Novarro. Daga baya aka kwaso ayarin duka aka dawo da shi Kalifoniya, inda Thalberg zai iya ganin aikin kowace rana da idonsa. Fim ɗin ya ci kusan dala miliyan 4, wanda ya sa ya fi kowane fim marar magana tsada. A wannan shekara ta 1925 kuma aka fitar da The Big Parade na darakta King Vidor, labarin sojan Amurka a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A nan Thalberg ya nuna ɗaya fuskar tasa: da ya ga abin da aka ɗauka ya gane fim ɗin ya fi ƙarfin kasafinsa, sai ya ƙara kuɗi aka faɗaɗa fagagen yaƙi. Fim ɗin ya shafe kusan shekara biyu ana nuna shi a gidan sinima guda a New York. Ke nan, tsumulmula ba ita ce aƙidarsa ba. Abin da ya nace a kai shi ne a kashe kuɗi inda ɗan kallo zai gani, kuma shi ne zai faɗi wurin.

Tsarin Aikinsa

Tsarin Thalberg yana da matakai huɗu. Na farko shi ne zaɓen labari. Akwai sashe guda na masu karatu waɗanda aikinsu shi ne su karanta sababbin littattafai da wasannin kwaikwayo daga Amurka da Turai, su taƙaita kowanne cikin 'yan shafuka. Daga cikin waɗannan ne yake zaɓen abin da kamfani zai saya, yana la'akari da taurarin da ke hannunsa, kamar Greta Garbo da Joan Crawford da Clark Gable da Norma Shearer, wadda ya aura a 1927. Waɗannan taurari duk suna ƙarƙashin kwantiragi mai tsawo, yawanci na shekara bakwai, kuma ba su da ikon ƙin rawar da aka ba su.

Mataki na biyu shi ne rubutu. Yakan ɗora marubuta da dama a kan labari ɗaya, wani bayan wani, wani lokaci ma a tare ba tare da ɗayan ya san da ɗayan ba. Sa'an nan a zauna taron labari a ofishinsa, a bi fage bayan fage, ana tambayar me ya sa wannan mutum ya yi kaza, kuma me ɗan kallo zai ji a wannan gaɓa.

Mataki na uku shi ne sa ido. Tun da mutum ɗaya ba zai iya tsayawa a kan fim 50 ba, sai ya naɗa wakilai, irin su Harry Rapf da Hunt Stromberg da Bernard Hyman da Albert Lewin, kowanne yana riƙe da finafinai kaɗan, yana kawo masa rahoto. Shi kansa bai cika zuwa wurin ɗaukar hoto ba. Yakan zauna a ɗakin kallo ya duba abin da aka ɗauka jiya, ya ba da umarni.

Mataki na huɗu, wanda ya fi shahara da shi, shi ne gwaji da gyara. In an gama haɗa fim, sai a kai shi wani gidan sinima a ƙananan garuruwan da ke kewaye da Los Angeles, a nuna wa jama'a ba tare da sanarwa ba. Thalberg yakan zauna a cikinsu yana lura da inda suka yi dariya, da inda suka yi tsit, da inda suka soma motsi a kujera don gajiya. Akan raba musu katuna su rubuta ra'ayinsu. Washegari a kira marubuta da 'yan wasa a sake ɗaukar duk fagen da bai yi ba. Sauran kamfanoni suna ganin sake ɗauka alamar kuskure ce. Shi kuwa ya sa ta cikin kasafi tun farko, kuma an ruwaito yana cewa fim ba a yinsa sau ɗaya, sake yinsa ake yi. Alal misali, fim ɗin The Sin of Madelon Claudet na 1931 ya sha kaye a gwajin farko, aka sake rubuta wasu sassansa aka sake ɗauka, daga ƙarshe tauraruwarsa Helen Hayes ta ci lambar yabo ta Oscar da shi.

Marubuci F. Scott Fitzgerald, wanda ya gana da shi a 1927, ya ba da labarin wani misali da Thalberg ya buga masa game da shugabanci. Ana so a fasa hanya ta cikin dutse, masu awo sun kawo hanyoyi da dama waɗanda babu wadda ta fi wata a zahiri. Aikin shugaba shi ne ya nuna ɗaya, ya kuma tsaya a kanta kamar yana da tabbas, domin in na ƙasa suka ga yana shakka aikin zai watse. Wannan misali ya bayyana yadda ya fahimci matsayinsa. Abin mamaki kuma, duk da wannan iko, bai yarda a sa sunansa a jikin finafinan MGM ba, domin a ganinsa yabon da mutum ya ba kansa ba shi da daraja.

Riba da Hasara

Ta fuskar kasuwanci tsarin ya yi nasara. An ƙiyasta ya kula da finafinai kimanin 400 cikin shekara 12 a MGM. Ko da yake ya yi jinkirin karɓar fim mai magana bayan da kamfanin Warner ya fitar da The Jazz Singer a 1927, da ya shiga sai ya shiga da ƙarfi. Uku daga finafinansa sun ci lambar fim mafi kyau na shekara: The Broadway Melody na 1929, da Grand Hotel na 1932, da Mutiny on the Bounty na 1935. A lokacin karayar tattalin arziki da ta biyo bayan 1929, sa'ad da Paramount da RKO suka faɗa hannun masu bin bashi a 1933, MGM bai daina cin riba ba. Yakan kuma yarda a yi fim da ya san ba zai kawo kuɗi sosai ba, don martabar kamfani, kamar The Crowd na 1928, da Hallelujah na 1929, wanda dukkan 'yan wasansa baƙaƙen fatar Amurka ne.

Amma akwai hasara, kuma ba ƙarama ba. Masu fasahar da suka saba aiki da 'yancin kansu sun sha wuya. Buster Keaton, gwanin barkwanci wanda a da yake ƙirƙirar wasansa a wurin ɗauka, ya shiga MGM a 1928, aka ɗaure shi da rubutaccen labari, cikin 'yan shekaru tauraronsa ya dushe. Marubuta kuwa sun zama kamar leburori, ba su san abin da zai saura daga rubutunsu ba. Da suka kafa ƙungiyar kare haƙƙinsu a 1933, Thalberg ya yaƙe ta da dukkan ƙarfinsa. Har ila yau, a zaɓen gwamnan Kalifoniya na 1934, masana'antarsa ta shirya majigin labarai na ƙarya, inda aka tsara hirarraki don a nuna cewa magoya bayan ɗan takara Upton Sinclair 'yan zaman banza ne da masu tsattsauran ra'ayi. Sinclair ya faɗi zaɓen. Wannan yana cikin misalan farko na amfani da sinima don ɓata ɗan takara a Amurka.

Daɗin daɗawa, tsarin gwaji yana da aibi a cikin jininsa: abin da yake aunawa shi ne son zuciyar ɗan kallo, kuma ɗan kallon nan Bature ne na Kalifoniya. Abin da ya riga ya yi imani da shi game da sauran al'ummomi, shi ake mayar masa. Fim ɗin Trader Horn na 1931, wanda aka ɗauka a Gabashin Afirka, da Tarzan the Ape Man na 1932, wanda aka cusa wa ragowar hotunan na farkon, sun nuna Afirka a matsayin dajin namun daji da mutane marasa wayewa, 'yan Afirka kuwa 'yan dako ne ko abin tsoro. A fim ɗin The Good Earth, labarin manoman ƙasar Sin, Turawa biyu, Paul Muni da Luise Rainer, aka yi wa kwalliya suka fito a matsayin Sinawa, alhali ga Anna May Wong, 'yar asalin Sin, ta nemi babbar rawar ba ta samu ba. Waɗannan hotuna sun zaga duniya, sun kuma daɗe a zukatan mutane.

Ƙarshen Mulki

Nasara ta haifar da kishi. Bayan rasuwar Marcus Loew a 1927 aka ɗora Nicholas Schenck a kan uwar kamfanin a New York, dangantakar Mayer da Thalberg kuwa ta riƙa tsami saboda rabon riba da kuma wanda jama'a suke yaba wa. A ƙarshen Disamba na 1932 zuciyar Thalberg ta buga, ya tafi jinya Turai a 1933. Kafin ya dawo, Mayer da Schenck suka soke muƙaminsa na shugaban shirya dukkan finafinai, suka raba aikin ga furodusoshi da dama, cikinsu har da David O. Selznick, mijin 'yar Mayer. Thalberg ya dawo ya tarar shi ɗaya ne daga cikinsu, mai riƙe da sashensa kawai. Ƙa'idar da ya kafa a kan von Stroheim, cewa babu wanda kamfani ba zai iya musanyawa ba, ita ce aka yi aiki da ita a kansa, shekara 11 bayan haka.

Duk da haka bai daina aiki ba. Ya ɗauko 'yan'uwan Marx, gwanayen barkwanci, ya sa suka zaga garuruwa suna gwada fagagensu a gaban jama'a a dandali kafin a ɗauki A Night at the Opera a 1935. Ya shirya Romeo and Juliet da Camille a 1936. A farkon Satumba na wannan shekara mura ta kama shi, ta rikiɗe ta zama ciwon huhu, ya rasu a gidansa na Santa Monica ran 14 ga Satumba, 1936, yana da shekara 37. Da The Good Earth ya fito a 1937, aka buɗe shi da sadaukarwa gare shi, sunan da ya hana a rubuta yana raye ya bayyana a jikin allo bayan mutuwarsa. A shekarar ce kuma cibiyar da ke ba da lambar Oscar ta ƙirƙiri lambar tunawa da shi don karrama furodusoshi, Darryl F. Zanuck ne ya fara karɓarta a 1938. Fitzgerald ya gina gwarzon littafinsa The Last Tycoon a kan siffarsa. Bai ƙarasa littafin ba ya rasu, aka buga shi a 1941.

Kammalawa

Tsarin manyan masana'antu ya ci gaba bayan Thalberg har zuwa 1948, sa'ad da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya kai ga raba kamfanonin shirya fim da gidajen sinimansu. Da kasuwar da aka tabbatar ta kowane mako ta tafi, sai kwantiragin shekara bakwai da ɗakunan marubuta suka bi bayanta sannu a hankali. Amma kujerar furodusa ta saura, haka kuma gwajin fim a gaban jama'a kafin fitarwa.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, aikin da hannaye da yawa suka taru a kansa ba ya tafiya sai da mai maganar ƙarshe, kuma ingancin aikin yana bin ingancin hukuncin wannan mutum. Thalberg ya san labari, ya san lissafi, shi ya sa tsarin ya haifi Grand Hotel a hannunsa. Amma tsarin nan ɗaya ne ya yanke Greed, ya kashe gwiwar Keaton, ya kuma sayar wa duniya Afirkar Tarzan, domin ma'auninsa na ƙarshe shi ne abin da mai sayen tikiti zai karɓa. Ɗalibin adabi da ma'aikacin gwamnati duk suna da abin dubawa a nan: wanda ba a ga sunansa a takarda ba sau da yawa shi ne ya yanke hukunci, kuma shi ya fi cancanta a tambaya da wane ma'auni ya auna.